Digiri na biyu a fannin ƙididdiga: abin da fom ke nema da abin da aji zai nema

Duk lokacin da jami'o'i suka buɗe sayar da fom ɗin karatun gaba da digirin farko, ƙididdiga na cikin fannonin da ake rububinsu. Bankuna, kamfanonin sadarwa, ƙungiyoyin agaji da ma'aikatun lafiya duk suna neman wanda zai zauna da tarin alƙaluma ya fito da magana mai kan gado, matasa kuma sun lura da haka. Sai dai masu neman gurbi da yawa suna karanta sharuɗɗan da ke jikin sanarwa, su ga sun cika su, su ɗauka shi ke nan. Alhali sharuɗɗan iri biyu ne. Akwai na takardu, waɗanda ofishin ɗaukar ɗalibai ke dubawa. Akwai kuma na ilimi, waɗanda babu magatakardan da zai tambaye ka su, amma laccar makon farko za ta tambaye ka. A ganina na biyun ne ke raba wanda zai kammala da wanda zai watsar da karatun a tsakiya, kuma su ne aka fi yin shiru a kansu.

Mu fara da na takardu a jami'o'in Najeriya, domin ba su da wuyar ganewa. Ana neman kiredit 5 a jarrabawar kammala sakandare, WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi. Mutum zai yi mamakin a ce mai digiri ana tono masa sakamakon sakandare, amma ana tonowa, kuma ana iya mayar da fom saboda shi. Ana neman takardar kammala bautar ƙasa ko ta ɗauke nauyinta, da wasiƙun shaida daga malaman da suka san ɗalibin, da cikakken sakamakon darussan digirin farko, wanda jami'ar da ya gama za ta aika kai tsaye. Wannan takarda ta ƙarshe takan ɗauki lokaci kafin ta fito, don haka mai hankali yakan fara nemanta tun kafin a buɗe fom.

Sai darajar digiri. A ma'aunin maki 5 da yawancin jami'o'inmu ke amfani da shi, daraja ta ɗaya tana farawa daga 4.50, 2:1 daga 3.50 zuwa 4.49, 2:2 daga 2.40 zuwa 3.49, daraja ta uku kuma daga 1.50 zuwa 2.39. Mafi ƙarancin abin da aka saba karɓa don mastas shi ne 2:2. A nan ne wasu ke yin tuntuɓe, domin tazarar 2:2 tana da faɗi, kuma sassa da yawa suna sa iyakarsu a 3.00. Mai 2.60 da mai 3.40 daraja ɗaya aka rubuta musu a satifiket, amma a teburin tantancewa ba ɗaya suke ba. Wanda ya fita da daraja ta uku, da mai babbar difloma ta HND daga kwalejin kimiyya da fasaha, hanyarsu ita ce su fara yin PGD, difloma ta gaba da digiri mai kimanin shekara 1, su fita da sakamako mai kyau, sannan su nemi mastas. Haka ake yawan buƙata daga wanda ya taso daga wani fanni kamar tattalin arziki, aikin gona ko kimiyyar kwamfuta. Wanda ya karanta lissafi tsantsa yakan samu sauƙi, ko da yake wani sashen kan ɗora masa wasu darussan ƙididdiga na digirin farko ya cike giɓi. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ita ke gindaya mafi ƙarancin ma'auni, kowace jami'a kuma tana da damar ƙara nata a kai. Shi ya sa sanarwar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da ta Bayero a Kano, da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da ta Ibadan za su yi kama da juna ba tare da sun zama ɗaya ba. A karanta ta shekarar da ake ciki, kada a dogara da abin da wani ya gani shekara 5 da suka wuce.

Lissafin da ba a rubuta a fom

Mutane da dama sun san ƙididdiga ne ta hanyar babi na 4 na kundin digirin farko: a zuba amsoshin takardar tambayoyi a SPSS, manhajar nazarin alƙaluma, a danna, tebur ya fito, a duba ko lambar da ake yanke hukunci da ita ta gaza 0.05. Wanda wannan ne iyakar saninsa da fannin zai sha mamaki a ajin mastas. A can malami zai rubuta ƙa'ida a allo, ya ce a tabbatar da ita da hujja, a kuma nuna a wane yanayi take rushewa. Ba a horar da mai amfani da kayan aiki kawai, ana horar da wanda ya san yadda aka ƙera su, don ya gane lokacin da suke yi masa ƙarya.

Ginshiƙi na farko shi ne kalkulas, wato lissafin yadda abubuwa ke sauyawa, kuma ba na shekarar farko kaɗai ba, har da wanda ke aiki da abubuwa biyu ko uku masu sauyawa a lokaci guda. Babbar hanyar da ake bi a kimanta abin da ba a sani ba daga samfuri, wadda Ronald Fisher ya shimfiɗa a 1922, tambaya ɗaya take yi: wace ƙima ce ta fi sa bayanan da muka gani su zama masu yiwuwa? Amsa ta kuwa neman ƙololuwar wani lissafi ne, aikin kalkulas ke nan. Wanda hannunsa ya yi sanyi a nan zai riƙa kwafar abin da ke allo ba tare da ya san inda aka dosa ba.

Na biyu shi ne aljabarar matiris, wato lissafi da jadawalin lambobi masu layi da ginshiƙi. Ɗalibai sukan raina wannan darasi a aji biyu na jami'a saboda ba a gaya musu amfaninsa ba. Ga amfaninsa. A ce kana son gano yadda yawan taki, ruwan sama da girman gona ke shafar amfanin da manomi ke girbewa. Bayanan gonaki 500 jadawali ne guda, kuma hanyar fitar da tasirin kowane abu tana buƙatar a juya wani matiris da aka gina daga wannan jadawali, aikin da ke kama da rabawa a lissafin yau da kullum. Idan biyu daga cikin abubuwan da ka auna kusan abu ɗaya suke faɗa, misali kuɗin da aka kashe wa taki da yawan buhunan taki, juyawar takan ƙi yiwuwa, ko ta yiwu amma ta ba da amsa mai rawa, wadda ƙaramin canji a bayanai zai kifar da ita. Manhaja za ta iya fito maka da lambobi duk da haka. Wanda ya san aljabarar zai gane abin da ya faru da kallo ɗaya. Wanda bai sani ba zai rubuta a kundinsa cewa taki yana rage amfanin gona.

Na uku, kuma shi ne zuciyar fannin, ilimin yiwuwa. Tun daga 1933, lokacin da Andrey Kolmogorov ya ɗora shi a kan tabbatattun ƙa'idoji, wannan ilimi ya zama reshen lissafi cikakke, kuma a mastas ana koyar da shi a haka. Ga gwaji mai sauƙi da mutum zai yi wa kansa. A ce wata cuta tana kama mutum 1 cikin 100. Akwai gwajin da ke gano ta a jikin kashi 95 cikin 100 na masu ita, yana kuma yin kuskuren nuna ta a jikin kashi 5 cikin 100 na masu lafiya. An gwada wani, sakamako ya nuna yana da ita. Mene ne yiwuwar cewa da gaske yana ɗauke da cutar? Yawancin mutane za su ce kashi 95. Mu ƙirga. Cikin mutum 10,000, masu cutar 100 ne, gwaji zai kama 95. Masu lafiya 9,900 ne, gwaji zai yi wa 495 ƙage. Jimillar waɗanda aka ce suna da ita 590, masu ita da gaske 95, wato kusan kashi 16 cikin 100. Idan wannan lissafi ya zo maka da sauƙi har ka ji daɗinsa, alama ce mai kyau. Idan ya ɗaure maka kai, ba laifi ba ne, amma ka san inda za ka fara bita.

Jami'o'in Amurka sukan rubuta waɗannan ukun ƙarara a matsayin sharaɗin shiga, su duba takardar sakamako darasi bayan darasi su ga ko an yi su da makin da aka ci. Namu kuwa sukan ɗauka cewa duk mai digirin ƙididdiga ko lissafi ya riga ya san su. Wannan zato ne ke cutar da ɗalibin da ya haye waɗannan darussa da ƙyar, ko wanda ya yi shekara 8 yana aikin ofis kafin ya dawo. Shawarata ga irin wannan ɗalibi ita ce ya ware watanni kafin a fara zango, ya koma littattafan aji biyu da aji uku, ya riƙa warware tambayoyi da biro da takarda. Karanta amsar da wani ya warware ba ya wadatarwa, sai hannu ya yi da kansa.

Akwai sharaɗi na huɗu da ya shigo daga baya ya zauna daram, shi ne iya rubuta umarnin kwamfuta. Harshen R, wanda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka fara ginawa a Jami'ar Auckland ta New Zealand a farkon shekarun 1990, kyauta ne, haka ma Python. Babu uzurin kuɗin lasisi. SPSS da Excel suna da amfaninsu, amma kundin mastas na yau yakan buƙaci ka ƙirƙiri bayanan gwaji sau dubbai don ka ga yadda wata hanya ke aiki, ko ka tsabtace fayil mai layi 40,000, kuma waɗannan ba a yin su da danna maɓalli. Ƙaramar kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi ta isa. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a yi karatun da aron ta wani.

Bayan an shiga

A Najeriya shirin kashi biyu ne: darussa, yawanci na zango 2, sannan kundin bincike. Makin cin darasi a wannan mataki 50 ne a yawancin jami'o'i, ba 40 ba. Darussan dole sukan haɗa da ilimin yiwuwa mai zurfi, yanke hukunci daga samfuri, nazarin alaƙa tsakanin abubuwa, tsara gwaje-gwaje, dabarun ɗaukar samfuri, da nazarin abubuwa masu yawa a lokaci guda. Sai na zaɓi, kamar bayanan da ke bin lokaci irin su farashi da ruwan sama, ƙididdigar lafiya, ko ta tattalin arziki. Tsara gwaje-gwaje, a gefe guda, a gona aka haife shi. Fisher ya gina shi ne a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, inda ya fara aiki a 1919, kuma da irin waɗannan dabaru ake gwada iri da taki a cibiyoyi irin su ta binciken aikin gona da ke Samaru.

Darasin ɗaukar samfuri ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin shi ne ɗalibai ke ɗauka mai sauƙi. Mai sayen hatsi a kasuwar Dawanau ba ya zazzage buhu, yakan soka ƙarfe ya zaro ɗan kaɗan, kuma gwani ba ya soka a baki kawai, domin ya san ana iya ɗora mai kyau a sama. Girman abin da ka ɗebo bai kai muhimmancin inda ka ɗebo shi ba. A zaɓen Amurka na 1936 mujallar Literary Digest ta tattara amsoshi fiye da miliyan 2, ta ce Alf Landon ne zai yi nasara, sai Franklin Roosevelt ya lashe da gagarumin rinjaye. Mutanen da ta tuntuɓa, da waɗanda suka ga damar amsawa, ba su wakilci masu zaɓe ba. A ɗaya ɓangaren, samfurin mutum 1,000 da aka zaɓo bisa ƙa'ida yakan ba da amsa da kuskuren kusan maki 3 cikin 100 sama ko ƙasa, kuma idan kana son rage kuskuren zuwa rabi sai ka ninka samfurin sau 4. Ɗalibin mastas ana sa ran ya iya nuna dalilin wannan 4 ɗin, ba ya haddace ta kawai ba.

Wannan ba ilimin cikin aji kaɗai ba ne. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, NBS, ta bayar da rashin aikin yi a matsayin kashi 33.3 cikin 100 a ƙarshen 2020, sannan kashi 4.1 a farkon 2023. Ba ayyuka ne suka yi ruwa ba, ma'auni aka sauya: sabon tsarin yana ƙirga wanda ya yi aikin awa 1 don samun kuɗi a cikin mako a matsayin mai aiki, kamar yadda ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta tsara. Jama'a sun yi ta cece-kuce, kuma ƙasar na buƙatar mutanen da za su iya buɗe takardar hanyoyin binciken su bayyana wa talaka da ɗan majalisa abin da lambar ke nufi da abin da ba ta nufi. Ƙasar da rabonta da ƙidayar jama'a tun 2006, yawancin alƙaluman da ake faɗa game da jama'arta kimantawa ce.

Kundin bincike shi ne inda shekaru ke zurarewa. A takarda shirin cikakken lokaci shekara 1 da rabi zuwa 2 ne. A aikace yakan wuce haka, wani lokaci saboda abin da ya fi ƙarfin ɗalibi, kamar yajin aikin ASUU na 2022 da ya ɗauki wata 8, wani lokaci kuma saboda ɗalibin ya zaɓi batun da ba shi da bayanai ko ba shi da malamin da ya ƙware a kansa. Matakan sanannu ne: a amince da batu, a gabatar da shawarar bincike a gaban sashe, a gabatar da sakamako, a yi kariya ta cikin gida, sannan malami daga wata jami'a ya zo ya yi jarrabawar baki. Kowane mataki yana jiran sa hannun mai duba kundi. Saboda haka tambaya mafi amfani da mai neman gurbi zai yi, tun kafin ya biya kuɗin fom, ita ce: su wane ne malaman sashen, me suke bincike a kai, kuma ɗalibai nawa kowannensu ke dubawa? Ɗaliban da ke ciki su ne za su ba ka amsa ta gaskiya.

Game da bayanai kuwa, ina ganin ɗalibanmu suna wahalar da kansu ba gaira ba dalili. Mutum zai buga takardar tambayoyi 200 ya raba wa abokai da maƙwabta, alhali akwai manyan bincike na ƙasa da aka yi bisa ƙa'ida kuma ana samun bayanansu a intanet bayan rajista: binciken gidaje da NBS ke yi tare da Bankin Duniya tun 2010, wanda ke komawa ga gidaje ɗaya zagaye bayan zagaye, da binciken MICS na UNICEF kan mata da yara. Aiki da irin waɗannan yana koya wa ɗalibi abin da ake yi a wurin aiki na gaske, har da yadda ake ba kowane gida nauyinsa saboda ba a zaɓo su da yiwuwa iri ɗaya ba. Akwai kuma wata hanya da ta yi yawa a sassanmu, ta ɗaukar tsohon tsarin rarrabuwa, wato ƙa'idar lissafi da ke nuna yadda ƙimomi ke bazuwa, a ƙara masa harafi ɗaya a kira shi sabo. Ana samun digiri da ita, ana kuma koyon lissafi, amma ɗalibi ya tambayi kansa wace matsala ce sabon tsarin ya warware.

Ga mai duban waje

A Birtaniya mastas na shekara 1 ne cur, kiredit 180 (a nan kiredit ma'aunin nauyin karatu ne), inda 120 na darussa ne, 60 na kundi da ake rubutawa a watannin ƙarshe. Yawanci ana neman 2:1 a fanni mai lissafi sosai, manyan jami'o'i kamar Oxford kuma suna neman daraja ta ɗaya ko 2:1 mai ƙarfi. Saurin shirin ba ya barin lokacin cike giɓi. Shaidar Turanci takan zama jarrabawar IELTS da maki daga 6.5 zuwa sama, ko da yake wasu jami'o'in suna karɓar kiredit ɗin Turanci na WAEC a madadinta. Mai iyali ya san cewa tun Janairun 2024 ɗalibin mastas na darussa ba ya iya tafiya da mata da 'ya'ya a kan bizarsa. A Amurka shirin yakan ɗauki shekara 1 zuwa 2, kiredit 30 ko fiye, sau da yawa ba tare da kundi ba, sai jarrabawar kammalawa ko aikin ƙarshe. Sassa da dama sun daina tilasta GRE, jarrabawar neman shiga karatun gaba da digirin farko, wasu kuma suna nan a kanta. A ƙasashen Turai da ke kan tsarin Bologna, wanda ya daidaita matakan digiri a tsakaninsu, shekara 2 ce galibi, kiredit 120, kuma jami'o'in Leuven da Hasselt a Beljiyam suna koyar da mastas na ƙididdiga da Turanci.

'Yan'uwanmu na Nijar, Chadi da Kamaru suna da wata ƙofa dabam. Makarantun ƙididdiga na yankin masu magana da Faransanci, ENSEA a Abidjan, ISSEA a Yawunde da ENSAE a Dakar, suna ɗaukar ɗalibai ne ta jarrabawar gasa ta bai ɗaya, wadda lissafi ne ƙashin bayanta. A can ba a tsaya ga abin da satifiket ya faɗa ba, sai an ga abin da hannunka ya rubuta a zauren jarrabawa. Akwai kuma cibiyar kimiyyar lissafi ta Afirka, AIMS, wadda aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, take da rassa a Senegal, Gana, Kamaru da Ruwanda, tana ba da mastas na shekara 1 a kimiyyar lissafi tare da ɗaukar nauyin ɗalibi. Ba digirin ƙididdiga tsantsa ba ne, amma ga wanda ke son ƙarfafa tushensa kafin digirin digirgir, hanya ce mai kyau.

Wanda ke da niyyar zarcewa zuwa digiri na uku ya lura da wani abu tun yanzu. Jami'o'in Najeriya da yawa suna neman matsakaicin maki 3.50 cikin 5 a mastas kafin su ba da gurbin digirin digirgir, kuma suna bambanta mastas na ilimi, mai kundin bincike, da mastas na sana'a da ake yi a ƙarshen mako, wanda galibi ba ya kai mutum can kai tsaye. Sunayen shirye-shiryen biyu sukan yi kama a jikin sanarwa. A tambayi sashe wanne ne wanne kafin a cike fom.